Garin Ɗanyen Ganye a Tukunyar Hamsatou

Zuwa ga Mai Girma Direktan Kamfanin Ganyen Sauƙi, masanin ganyaye, gatan masu ciwon gwiwa, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin ta ladabi, ni mahauci ne, shekara talatin ina yanka a bakin Gare, wato tashar jirgin ƙasa ta Parakou. Gwiwata ta dama ta hana ni sujada, sai a kujera. Na sayi garin ganyenku bayan ɗan tallanku ya rantse cewa ganyen wiwi ɗanye ba ya bugarwa, akwai wani sinadari a cikinsa da watakila ya rage kumburi. Na riƙe "watakila" ɗin hannu bibbiyu. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Kun rubuta a sha shi ɗanye cikin ruwan sanyi. Ranka ya daɗe, a gidan wa aka rene ku? A unguwarmu ta Kpébié duk abin da yake kore tukunya yake shiga. Maiɗakina Hamsatou ta ce muddin tana da rai, mijinta ba zai ci ɗanyen ganye kamar akuya ba.

Na biyu. Ashe wuta ce ke juya wannan sinadari mai kunya ya koma mai bugarwa. Wannan babban labari kun ɓoye shi da Faransanci a gindin leda, da rubutu kamar sawun tururuwa. Wa kuke so ya karanta? Kiyashi?

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Ranar Asabar dattawan mahauta suka zo gidana cin tuwo, domin Juma'a mai zuwa za su zaɓi sabon sarkin fawa, kuma sunana ne a bakin kowa. Har Malam Idrisu, tsohon da ke yi mana addu'a, ya taso daga Djougou. Hamsatou, Allah ya saka mata, ta ga dukkansu ɗingishi suke yi, ta ce rowa ce a bar ni in warke ni kaɗai. Ta juye ledar gaba ɗaya a miyar kuka.

Ba zan tona asirin manya ba. Zan dai ce Malam Idrisu ya fara addu'a, ya kai tsakiya dariya ta ƙwace masa, muka ce amin. Wani dattijo ya gaida ragona da ke ɗaure, ya tambaye shi iyali. Ni kuwa, an ce na miƙe na yi alkawarin raba wa kowa saniya. Tuwon mutum ashirin, mu bakwai muka share shi, har da ƙanzo.

Na huɗu. Gwiwar tana nan yadda take.

Yanzu masu zem, wato 'yan acaɓa, na ɗaga mini yatsa in na wuce, suna kirana Alhaji Miya. Dattawan da suka yi ƙari sau uku su ne ke cewa ba a ba ɗan wiwi sarauta. Ni da ko taba ban taɓa sha ba! Wallahi abin ya ci mini rai.

Don haka ina roƙon alfarmar takarda ɗaya, da hatiminku, da manyan baƙaƙe, mai shaida cewa laifin wuta ne, ba nawa ba ne, ba kuma na Hamsatou ba. Ta iso kafin Juma'a. Sarautar ma in ta tafi, ta tafi. Amma jiya da na shiga masallaci na tarar an ɗauke kujerata daga sahun gaba, an ajiye mini ita a bakin ƙofa, wajen takalma.

Naka mai biyayya, mai durƙusawa gabanku da gwiwar da ta rage,

Alhaji Usuman Tambaya
Mahauci, Kpébié, Parakou