Ƙuri'a Ɗaya ta Farzidan Cindo

Yau kwana arba'in da muka kai Cindo makwancinsa, kuma har yanzu ban ji gidan rediyo ya faɗa ba. Wannan sakaci ne babba. Ƙasa ta yi rashin mutumin da tun daga Gangara har Gazawa ba a taɓa yin ɗan siyasa irinsa ba. Bai taɓa shiga jam'iyyar kowa ba, kuma don adalci, ba wanda ya taɓa shiga tasa. Tunda manya sun yi shiru, ni Tala, abokinsa tun muna kiwon awaki, zan faɗi abin da na sani.

Ilimin mulki a garin Agye ya samo shi, inda ya yi wata takwas yana share buron wani babban ma'aikaci, wato ofishinsa, yana kai masa takardu. Wata takwas ɗin nan sun ishe shi har ƙarshen rayuwa. Ya dawo garinmu, Gidan Tsoho, da tabarau, da jakar hannu mai makulli, da kalmomin Faransanci guda biyar da yake sa wa kowace magana kamar gishiri. Jakar ba ta rabuwa da shi ko gona za shi. Ni kaɗai na san abin da ke ciki: tsohuwar jarida, ɓarin goro, allura da zare. Ya ce a riƙa kiransa Musye, wato Yallaɓai da Faransanci. Gari ya ga Musye ya yi masa kaɗan, aka ɗaga shi zuwa Farzidan, wato shugaban ƙasa. Bai taɓa gane ba'a ce ba. Da hannu biyu ya karɓa.

Sai shekarar nan ta zo wadda ruwa ya ɗauke hatsi na shirin fitar da kai, fara kuma ta biyo baya ta share ɗan abin da ya rage. Samari suka watse Katsina da Kano. Mata suka koma daji neman anza, a jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A gidana sau ɗaya ake ɗora tukunya. A gidan Cindo wani lokaci ko ɗayan babu, amma in ka tambaye shi sai ya ce manyan mutane ba su cika ciki, yana kashe tunani.

A wannan shekara aka ce za a zaɓi konseye, wato wakilan da za su zauna a majalisar gunduma su yi magana da yawun garuruwa. Kowa na tunanin abin da zai sa a baki, Cindo ya ga lokacinsa ya yi.

Wata babbar jam'iyya, wadda ba zan kira sunanta ba, ta aiko motoci da lasifika. Ta biyu ma ta aiko. Cindo ya dube su daga ƙarƙashin tabarau ya ce shi ba ya shiga inuwar kowa, mai zaman kansa zai tsaya. Wani malamin lakol, wato makarantar boko, daga Gazawa, mai wata ƙaramar jam'iyya, ya zo har gida ya roƙe shi su haɗa ƙarfi. Cindo ya tambaye shi su nawa ne. Malamin ya ce su bakwai ne. Cindo ya ce taron ya yi yawa, shi ba ya son cunkoso.

Da aka ce dole ya kawo jerin sunayen abokan takara, ya cika da surukansa da suka tafi ci-rani, waɗanda har suka dawo ba su san sun tsaya zaɓe ba. Ya sayar da jakinsa ya kammala takardu. Alamarsa kuwa rumbu ya zaɓa, cike har baki, da hotonsa a gefe yana kallon sama. Tun da kaka ta wuce, wannan ne kaɗai cikakken rumbu da aka gani a garinmu.

Tunda jaki ya tafi, kekena ya zama motar Farzidan, ni kuma direba. Yana zaune a baya da jaka a cinya, yana ɗaga wa itatuwa hannu, ni ina tuƙi cikin rairayi da cikin da ba komai. Ladana shi ne muƙami. Ya yi mini alkawari, a gaban shaidu, ranar da ya ci ni zan riƙe makullin rumbun gwamnati. Ministan Rumbu yake kirana. Ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi.

Ranar kasuwar Gangara ya hau kan turmin wata mai fura ya yi jawabinsa na farko.

"Atansiyo, jama'a. Manyan jam'iyyun nan motar kasuwa ce. A cusa ku a baya kamar buhuna, direba na gaba yana shan iska. Ni ba haka nake ba. Ni ne motar, ni ne direba, ni ne hanyar."

Wani tsoho ya tambaye shi, to su a ina za su zauna. Cindo ya ce tambaya ce mai kyau, za a kafa mata kwamiti. Mai fura ta ce ya sauka mata daga turmi.

Muka je rugar Bappa Jaye, wani dattijon Bafulatani da rabin shanunsa suka kwanta suka kasa tashi. Cindo ya yi awa guda yana bayanin dimokuraɗiyya. Bappa ya saurara da ladabi, ya juya takardar nan mai rumbu gaba da baya, sannan ya ce, "Kaɗo, maganarka da daɗi. Rumbun nan ta ina ake buɗe shi?" Kafin Cindo ya shirya amsa, wata akuya ta fizge takardar ta cinye. A hanyar dawowa ya ce mini in lura, har dabbobi sun fara karɓar manufarsa.

Yanzu sai in faɗi yadda ake zaɓe a lokacin, don nan maganar take. In ka shiga ajin lakol, za ka tarar da takardu a kan tebur, kowane ɗan takara da tulin tasa. Ka ɗauki ɗaya daga kowane tuli, da ambulan, ka shiga bayan tabarma. Wadda kake so ka sa a ambulan ka jefa a akwati. Sauran ka zubar a kwandon da ke nan bayan tabarma. Takardu huɗu ne: na manya biyu, ta malamin Gazawa, da ta Cindo.

Dalhatu, wakilin babbar jam'iyyar nan a garinmu, mutum ne da ba ya jawabi. Ana saura kwana biyu aka sauke masa buhunan hatsi a zaure. Ya bi gida-gida ya faɗi magana ɗaya: kada kowa ya zubar da takardunsa a kwando. Duk wanda ya kawo masa ukun da ba na jam'iyyarsa ba, ya nuna ke nan ta huɗun tana cikin akwati, tiya uku ce tasa. Gidan Cindo kaɗai ya tsallake. Ba kuma wanda ya iya gaya masa, har ni. Tiya uku a shekarar nan abincin gida ne na kwanaki.

Matata Dija ta ce mini kafin in fita, abota daban, cikin yara daban. Na ce na ji.

Na shiga da hantsi. Na tsaya bayan tabarma da takardu huɗu a hannu, na daɗe har mai kula da akwati ya yi gyaran murya. Na dubi hoton Cindo a takardarsa yana kallon sama da tabarau ɗinsa. Na san ba zai ci ba. Na san ko ya ci, ruwa ba zai sauko don shi ba. Amma na tuna ranar da na faɗa rijiya muna yara, shi ya riƙe igiya har tafinsa ya sale, yana kuka yana zagina. Na sa shi a ambulan. Sauran na zuba a kwando. Kwandon fayau yake, nawa ne na farko.

Na fito na same shi a bakin lakol cikin babbar rigar da ya aro, fuskarsa kamar ranar aurensa. Ya kama hannuna ya nuna mini jama'a. Kowa ya fito, ga kan Cindo na leƙowa daga aljihu. Mata na ƙulle shi a bakin zane. Wani ya sa shi cikin hula.

"Ka gani, Minista? Sun zaɓe ni, kuma sun kasa rabuwa da hotona. Ƙarin takarda suke roƙa su kai gida. Wannan ba a saya da kuɗi."

Ya ce zai bi su ya yi musu godiya, ni kuma na bi shi. Layin ya kai mu bayan zauren Dalhatu. Nan muka tarar da tsohuwar ƙwarya cike da fuskar Cindo, ɗari da wani abu, duk suna kallon sama. Gefe guda ana auna hatsi. Cikin masu jira har da matarsa Barira, ta shimfiɗa ɗankwalinta a ƙasa. Ta ɗago ta gan shi. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Malam, yau kwana biyu ba a hura wuta ba."

Cindo ya dubi ƙwaryar, ya dubi ɗankwalin matarsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya juya ya tafi gida. Sai bayan la'asar ya fito, shi ne na ƙarshe da ya shiga lakol. Da ya fito ya ce mini in jira shi nan, zai zaga ya kama ruwa. Ya ɗan daɗe.

Kafin magariba aka juye akwati a gaban kowa. Babbar jam'iyya ta kwashe kusan duka. Ta biyu ta sami 'yan kaɗan. Malamin Gazawa ya sami huɗu. Da aka zo kan rumbu, mai ƙirga ya ɗaga takarda guda ya ce, "Ɗaya." Ya leƙa cikin akwati, ya girgiza, ya sake cewa ɗaya.

Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka san yau za su ci tuwo. Cindo ya hau kan benci.

"Tarihi ya shaida. Yau a Gidan Tsoho mutum ɗaya ne bai sayar da kansa ba, kuma ga shi tsaye a gabanku. Kun zaɓi tiya uku kun bar rumbu. Har wanda na ɗauka ɗan'uwa, har Ministana, ya ci amanata."

Ya nuna ni da yatsa. Kowa ya juyo. Ni kuwa ina tsaye ina lissafin da ko wanda bai je lakol ba zai iya. Ƙuri'a ɗaya ce a akwati. Ni na sa ta.

Na dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai kamar mai laifi. Dija kuma, da na koma gida hannu banza, na ce mata mantuwa na yi na zuba takardun a kwando. Abin da ta ce mini ba na rubutawa ba ne.

Washegari hayaƙi ya tashi a gidan Farzidan, aka ji daka mai ƙarfi, irin ta tiya shida. Da azahar ya aiko a kira ni. Ya ce ko da yake ni maci amana ne, shi babba ba ya riƙo, in zauna in sha fura. Na zauna na sha. Ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, kuma ina da haƙƙi a cikinta.

Shekara da shekaru muka yi a haka. Damina ta dawo, rumbuna suka cika, konseye suka zo suka wuce ba wanda ya tuna sunansu. Amma duk wanda ya zauna da Cindo sai ya ji labarin ƙuri'a ɗaya. A bakinsa ta girma har ta fi ta wanda ya ci. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, sai ya nuna ni ya ce ga wanda ya sayar da shi tiya uku, sannan ya matsa mini wuri a tabarmarsa ya raba goronsa biyu. Ban taɓa musawa ba. Ƙuri'ar nan ita ce duk abin da ya mallaka, ita da jakar. In na karɓe ta, da me zai hau benci?

Ciwo ya kwantar da shi bayan girbin bana. Kullum da hantsi ina zuwa in zauna kusa da shi. Ya rame har tabarau ya daina zama a hancinsa, amma bai yarda a cire ba. Ana saura kwana uku ya rasu, ya ce Barira ta ba mu wuri.

"Tala, akwai binciken da na yi shekaru ina yi ban gama ba."

Na ce wane bincike.

"Akwai wani wawa a garin nan. A shekarar da mutane ke cin anza, ya zubar da tiya uku saboda ni. Na bi gida-gida a raina, ban ga mai wautar da ta kai haka ba."

Na ce, "Ni ne, Farzidan."

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau, na sa bakin rigata na share masa. Ya lalubo hannuna ya riƙe da tafin nan da igiya ta sale. Na zaci zai nemi gafara, har na shirya in ce ba komai. Sai ya gyara murya.

"Na yi zaton haka. To ka ji hukunci. Wanda bai san darajar hatsi ba, ba zan iya damƙa masa makullin rumbun gwamnati ba. Daga yau na tsige ka."

Allah ya jiƙan Cindo, ya sa ya huta. Kekena na nan jingine, in na hau sai in ji baya ya yi mini sauƙi da yawa, in sauka in tura. Maganar tsigewa kuwa ban kai ƙara ko'ina ba. Wa zan kai? Gwamnatin da ta kore ni, ko shugabanta bai zaɓe ta ba.