Ɓauren da Na Nuka a Buhun Dusa

Ba zan taɓa mantawa da fuskar Gwaggo Asabe a ranar sunan ɗan Yaya Sani ba, kuma na san ita ma ba ta manta da tawa ba.

Bara ne na sayo dashen ɓauren Larabawa, wanda ake ce wa tin, wajen masu sayar da dashe a bakin titi kusa da Garun Malam. Mai sayarwar ya rantse mini iri ne mai saurin nuna, ba ya shekara sai ya yi 'ya'ya. Kalmar "sauri" kawai na ji, na biya ban ko taya ba (duk wanda ya san ni ya san ko tafasar ruwan shayi ba na iya jira).

Na dasa shi a lungun gidanmu na Kura, bayan madafa. Matsalar ita ce lungun nan Yaya Sani ya daɗe yana haƙonsa, zai kafa rumfar adaidaitarsa. Lokacin matar Yaya tana da ciki. Muka yi ta cacar baki har Baba ya gaji ya yanke hukunci.

"In ya yi 'ya'ya na ci na ji daɗi, ya zauna. In har aka yi sunan gidan yayanki ban ci ba, a tuge shi."

Na ce na yarda. Na zuba masa takin awaki, na dinga jido masa ruwa daga kanal ɗin noman rani safe da yamma, har Inna ta ce, "Ke, shinkafa kika shuka ne?" Akuya ta leƙo na kusa karya mata ƙafa. Kuma Allah da ikonsa ya yi 'ya'ya, ƙanana, korra shar, masu tauri kamar goruba. Sai ga matar Yaya ta sauka tun kafin lokacin da nake lissafi. Yaya kuwa har ya sayo kwanon rufi ya jingine a jikin katanga, inda zan riƙa ganinsa kullum.

Nan basirata ta motsa. Mu 'yan Kura ai da tumatir muka tashi. Da sauran korensa ake tsinke shi, kafin mota ta kai Legas ya yi ja. Mangwaro ma nuka shi ake yi. To ɓaure ɗan gidan uban wa ne? Na tsinke duk wanda idona ya gani, wani farin ruwa kamar nono yana ɗiga a yatsuna, na cusa su cikin buhun dusa na ɗaure.

Ranar suna na buɗe, na matsa, na ji sun yi laushi. Yaushi ne suka yi, amma ni na ce nuna ce. Ko ɗaya ban ɗanɗana ba, wai kada su ragu.

Da a ɓoye na kai wa Baba, da abin ya tsaya tsakaninmu. Ina! Sai da na jera su a farantin tangaran ɗin Inna, na ratsa tsakar gida cike da mata, har da dangin mai jego da suka zo daga Bunkure, na ɗaga murya: "Jama'a, ga ɗan itacen da ba a taɓa nomawa a unguwar nan ba. Ni na shuka da hannuna."

Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, ta ce, "Miƙo nan, babba ke fara sa albarka."

Ta jefa guda a baki. Ta tauna. Ta daina taunawa. Ta dube ni, ta dubi farantin, sannan ta tofar a gefen zaninta.

"'Yar nan, me na yi miki? Soson wanka kika ba ni?"

Kafin na yi magana leɓenta ya fara ƙaiƙayi, ashe farin ruwan nan haka yake yi. Ta dinga susa da bakin mayafi tana kiran a kawo mata manja. Wata daga Bunkure ta ce, "Baiwar Allah, dama ba a taɓa nomawa ba, yanzu mun ga dalili." Gida ya kece da dariya, har mai jego tana riƙe ciki tana cewa a yi mata rai. Ni kuwa ina tsaye da faranti a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Yaya Sani ya leƙo daga zaure ya ce, "Ƙanwata, sannu da noma. Gobe zan kawo kafinta."

Ban yi kuka ba (to, na yi kaɗan, a bayan madafa). A nan ne na hango wasu 'yan ƙwayoyi ƙarƙashin ganye da suka tsira daga hannuna. Washegari na durƙusa gaban Baba na ce na san wa'adi ya cika, amma ai shi bai ci ba tukuna, Gwaggo ce ta ci, ya jira sauran da ke jikin bishiyar su nuna. Ya yi dariya ya ce kafinta ya dakata.

Na yage tsohon gidan sauro na lulluɓe su saboda tsuntsaye, na ɗaure hannuwana a baya duk lokacin da na je dubawa. Sai da wuyansu ya lanƙwashe, fatar ta tsage, zuma ta fara tsatsowa, sannan na tsinko na kai masa, ba faranti, ba sanarwa.

Baba ya ci ɗaya. Ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. Sannan ya ƙwala kira: "Sani! Ka kafa rumfarka a ƙofar gida."

Darasin da na koya dai: ɓaure a jikin uwarsa yake nuna, kuma duk abin da ban ɗanɗana ba, ba na kiran taro a kansa. Gwaggo Asabe kuwa har yau ko ruwa na miƙa mata sai ta ce, "Fara sha in gani."