Rasuwar Gwaggo, Famfon da Aka Hana Kuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da har yanzu na kasa ɗagawa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kawo mana ko da zanin gado ne wanki, rasuwar Gwaggo, tsohuwar na'urar da ke tura ruwa a gidan wankinmu. Ta cika ranar Asabar da hantsi a ɗakinta na bayan shago, tsakanin tanki da bango, bayan jinyar da ba ta kai rabin wuni ba. Ta girme ni. Ta girmi Yayata ma, ko da yake Yaya ba ta son a tayar da wannan zance.

Da yawanku ba ku taɓa ganin ta ba, amma kun ci moriyarta. Aikinta guda ne: ta zuƙo ruwa daga tankin ƙasa, ta hau da shi zuwa injinan wanki. Duk farin zanin da wani baƙo ya kwanta a kai a masauki, duk rigar da likita ya sa ya shiga ɗakin tiyata, in dai daga shagonmu ta fito, ruwanta ta cikin Gwaggo ya bi. An ce koriya ce shar lokacin da Baba ya kawo ta. Ni dai da launin tsatsa na taso na gan ta.

Yaya ce ta raɗa mata sunan tun muna yara, wai don ba ta kama aiki sai ta yi mita. In aka kunna ta da safe sai ta ce ƙurrr, ƙurrr, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, sannan ta saki jiki ta ɗauki wuuu ɗinta har yamma. A ƙarƙashin wannan kuma akwai ƙaramar muryarta, wadda duk ɗan gidanmu ya sani kamar bugun zuciyarsa: ɗis. Ɗis. Ɗis.

Don Gwaggo mai kuka ce. A inda sandar ƙarfen da ke juyawa take fitowa daga cikinta, an naɗe wurin da wata igiya mai maiƙo, aka danne da faranti da noti biyu. Ta nan ruwa ke ɗiga. Baba ya ajiye mata tsohon gwangwanin fenti a ƙasa, in ya cika a zubar. Doka ɗaya ya kafa mana a gidan nan: a taɓa komai, ban da notin Gwaggo. Bai taɓa faɗin dalili ba. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Marigayiya ba ta san hutu ba, ba ta san gajiya ba. An zo da injinan zamani masu fitilu da maɓallai, sun yi yanga sun mutu a gabanta, tana nan a lungunta. Ba ta taɓa neman komai a wurinmu ba sai ɗan giris, man shafa wa inji, da kuma a bar ta ta yi kukanta.

Game da ciwon ajali, mutane suna ta tambaya, wasu ma har sun ɗora wa tsufa laifi. Ba tsufa ba ne. Dole in koma baya kaɗan.

Akwai wata baiwar Allah da ke kawo mana kayan aikinta duk ƙarshen mako, shuɗiyar riga da wando, gwiwoyin sun yi baƙi da giris. Injiniya ce a masana'antar da ke ƙera sil, wato zobban da ake sa wa inji a inda ƙarfe ke juyawa don kada ruwa ko mai ya tsiyaye. Ni ne a kan kantar shagon, ni ke karɓar kaya, kullum da littafi a hannuna, shi ya sa take ce min Mai-littafi. Na karanta soyayyar sarakuna da ta matuƙan jirgin ruwa, na karanta labarin waɗanda kallo ɗaya ya kwantar da su jinya, amma ban taɓa jin abin da ya tsinka min zuciya irin ranar da ta jingina da kantar tana yi min bayanin aikinta ba.

"Zobe biyu ne, Mai-littafi," in ji ta. "Ɗaya baƙi kamar gawayi, ɗaya fari kamar tangaran, an goge fuskokinsu har sun fi madubi santsi. Ɗaya na juyawa, ɗaya na tsaye, wata naɗaɗɗiyar waya mai lotsawa na tura su juna. Tsakaninsu ɗan ruwa ne da bai kai kaurin gashi ba, shi ke hana su cinye juna. Yanzu ma akwai waɗanda ake zana wa 'yan layuka a fuska, in sun ɗauki gudu iska ta shiga ta ɗaga su, ba sa ko taɓa juna. Akwai masu aiko saƙo a waya in sun fara jin zafi."

Jama'a, fuska biyu suna kallon juna ba dare ba rana, kusa kamar numfashi, amma ba sa taɓa juna! Ranar ko abinci na kasa ci. Na bi na karance duk abin da na samu a kan sil. Ita aikin injiniya ta faɗa min, ni kuma soyayya na ji, maganar ɗan ruwan nan ta shiga ta kunnen dama ta fice ta hagu.

Da ta dawo mako na gaba, sai bakina ya riga hankalina. Na gyara tsayuwa na ce, "Ai mu ma a bayan nan ko ɗigo ba ya zuba. Komai namu na zamani ne."

Daidai lokacin Gwaggo tana bayan bango tana ɗis, ɗis. Injiniya ta ɗan karkata kai kamar mai sauraro, ta yi murmushi.

"To madalla. Ranar Asabar zan shigo in gani da idona."

Asabar ta yi. Baba ya fita kai kaya da wuri. Na shiga ɗakin Gwaggo na tsaya ina kallon ta da idon baƙo, kuma a nan ne zan so ƙasa ta tsage in shige, don kunyarta na ji. Ita da ta ciyar da ni, ta sa ni makaranta, ta saya min duk littattafan da nake taƙama da su. Na ji kunyar tsatsarta, da gansakukar da ta fito a ƙarƙashinta, da gwangwanin nan mai lanƙwasasshen baki. Na goge ta tas, na wanke ƙasa, na ɓoye gwangwanin a bayan buhunan sabulu. Ina juyowa sai ga shi a kan sumintin da na goge: ɗis.

Na ɗauko sufana, abin ɗaure noti.

Ba ta yi gardama ba. Na murɗa notin dama, na murɗa na hagu, ɗigon ya ja baya. Na ƙara. Ya yi jinkiri, ya taru a bakin faranti yana rawa, ya faɗo. Na sa ƙarfina duka na ƙara, sai ya ɗauke. Karon farko a rayuwata ɗakin ya bushe. Na ji kamar na gama gina gada. Har turare na fesa mata.

Yaya ta leƙo daga wurin guga. "Kai, me ya sami Gwaggo ta yi shiru?"

"Na yi mata magani."

"Kai? Da wane shafin?"

Ta koma kan aikinta, don zannuwan asibiti sun taru, injinan wanki duka suna shan ruwa. Gwaggo ta ci gaba da juyawa a bushe, ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Da hantsi Injiniya ta iso da jaka a kafaɗa. Suka gaisa da Yaya, na shige gaba ina buɗe ƙofa kamar mai nuna fada. Ta shigo da fara'arta. Ta dubi Gwaggo, ta dubi busasshen sumintin, sai fara'ar ta gudu.

"Ina ɗigon?"

Kafin in haɗa amsa ta kai bayan hannunta kusa da farantin, ta janye da sauri. "Kashe! Kashe ta!"

A gidan nan aka haife ni. A gidan nan na yi rarrafe. Ban san inda makunnin Gwaggo yake ba. Na daka tsalle na danna wanda na gani kusa da ƙofa, ashe na fitila ne. Ɗakin kuwa ba shi da taga. Cikin duhun nan muka tsaya, ni da wadda nake so, muna jin kalaman marigayiya na ƙarshe. Ta ce ƙiiiii, da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Ƙauri ya turnuƙe mu. Ta ce ƙas. Ko da Yaya ta shigo a guje tana laluben bango, babu sauran abin kashewa.

Aka kunna fitila. Injiniya ta naɗe hannun riga, ta jira ƙarfen ya huce, ta kwance farantin. Igiyar ta fito a ƙone, tana marmashewa kamar toka. Sandar kuwa ta yi shuɗi, ta ci rami zagaye, ta ɗan karkace. Injin lantarkin da ke juya ta shi ma ya ƙone wajen ƙoƙarin juya abin da aka shaƙe.

"Irin wannan, kukanta shi ne ranta," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Ɗigon nan shi ke sanyaya igiyar. Wa ya ɗaure ta?"

Yaya ta ce, "Tambayi aljihunsa na baya." Kan sufanar yana leƙe.

Sai Injiniya ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan ma'aunin ƙarfe, ta dube shi, ta mayar.

"Tun ranar da na fara zuwa na ji muryarta daga gaban shago, na san irinta. Yanzu da wuya ka samu mai rai. Muna da sabon sil da ke zuwa rabi biyu, a rungume sanda da shi ba sai an wargaza inji ba. Auna ta na zo yi, in kawo wa Baba ya huta da zubar da ruwa." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. "Kana ganin ni ɗigon ruwa zai kora? Ni da nake wuni a cikinsa? Da ka ce min tsohuwa ce tana yoyo, da ka fi burge ni."

Ta yi wa Yaya sallama ta fita.

Da Baba ya dawo ya daɗe a tsaye a kanta. Ya ɗora tafin hannu a bayanta ya ce, "Har yanzu da ɗuminta." Ya duba ƙasa ya ce, "Ina gwangwaninta?" Na je bayan buhuna na ɗauko na miƙa masa da hannu biyu. Ya ajiye shi a mazauninsa, ya fita. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Wallahi da ya mare ni da na samu sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar injinan wanki, waɗanda tun ranar bakinsu ke buɗe ba mai shayar da su. Ta bar tanki cike da ruwan da ba shi da mai hawa da shi. Ta bar kyanwar maƙwabta, wadda kullum take zuwa sha a gwangwani, yanzu sai ta zo ta shinshina ta dube ni, kuma na rantse ta san komai. Ta bar Baba, wanda har yau yakan farka da niyyar zuwa zubar da ruwa. Ta bar Yaya, da muke jidar bokiti tare daga tanki zuwa inji, duk hawa ɗaya sai ta ce, "Sannu Likita, Allah ya ƙara basira." A cikin magada kuma akwai shuɗiyar riga da wando a kan shiryayye, na goge su na sake gogewa, mai su ba ta zo ba. Na kira waya har na daina ƙirgawa. Tana shiga, ba a ɗauka.

Jiya da rana wayar Yaya ta yi ƙara. Ta duba, ta dube ni, ta fita waje ta amsa. Na tsaya da bokiti a hannu, ruwa na zuba a ƙafata ban sani ba.

Ta dawo tana danne dariya. "Injiniya ce. Ta ce kada a sayar da sandar. A zare a kai mata, za ta kafe ta a ɗakin da suke koyar da sababbin ma'aikata, kowa ya ga abin da ɗaurewa ke yi. Kuma ta ce kada a aiko direba. Wanda ya ɗaure shi zai kawo, ya tsaya a gabansu ya faɗi yadda ya yi da dalilinsa."

"Da dalilin ma?"

"Ta ce musamman dalilin."

"Ba ta ce komai ba kuma?"

"Ta tambaya ko kana cin abinci. Na ce fiye da da."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Alhamis da safe Baba zai kwance marigayiya daga kan mazauninta da hannunsa, ya ce ba ya bukatar taimako, kuma kowa ya gane da wa yake. Daga nan za a ɗora gawar a baro zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layi. Ni zan tura, ta babban titi, Yaya ta hana a bi ta lungu. Masu zuwa ta'aziyya, iyali suna roƙon kowa ya taho da bokitinsa, don zannuwan asibiti ba su san ana makoki ba. Masu zuwa don dariya kuma, mun san ku, ku tsaya daga baya.

Sandar ba za ta bi gawa ba. Bayan an watse zan naɗe ta a tawul, in rungume ta in shiga mota zuwa masana'anta. Duk wanda ya gan ni a hanya, don Allah kada ya tambaye ni mene ne a hannuna. In yana son ji, ya biyo ni. A can zan yi bayani, a tsaye, da babbar murya, Injiniya tana zaune a layin gaba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ni kuma ya ba ni ƙarfin gwiwa.