Sunan da Ya Kuɓuce Mini a Cikin Dala

Ko na manta komai na zamana a Masar, ba zan manta zafin shekarar 2014 ba, da ranar da aka kai mu kallon kayan tarihi. Bayan ƙaramar sallah ne da 'yan makonni. A gida damina ta yi nisa, ana ta bugo mini waya cewa gero ya fitar da kai, mu kuwa a Alƙahira ko gajimare babu. Wutar lantarki kamar ta san daga Najeriya na zo, ta biyo ni da halinta. A ɗauke da safe, a ɗauke da yamma, Misrawa na ta huci, ni ina dariya a ciki, don a nan ne kaɗai na fi su sani. Duk da haka shekarar ta yi mini daɗi. An yi mini jika mace, Ummi, na hau jirgin sama karo na farko da furfurata, komai na gani sai in ji kamar in rangaɗa guɗa.

Abin da ya kai ni, Rukayya matar ɗana ce ta haihu, mahaifiyarta ba ta da lafiyar tafiya, aka ce ni in je in kula da jego. Shi yana karatun fiƙihu a can, suna haya a Ainu Shams, hawa na biyar. To, shi ne ɗan farina. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da nake nufi. Tun ranar suna ban taɓa faɗin sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In zan yi zancensa sai in ce "yaron nan", da aka haifi Ummi na samu sauƙi na koma "Baban Ummi". Ko magana ce tsakanina da shi, bango nake kallo in yi ta. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da wannan, kuma gaskiya ina taƙama da shi. In mata sun zauna suna cewa 'yan zamani ba su da kunya, ni ake nunawa a ce ga ragowar mutanen da, in sunkuyar da kai kamar ban ji ba (ina ji sarai).

(Sunan dai Sulaimanu ne. Rubutawa ba faɗa ba ce. Tun muna ajin yaƙi da jahilci na tambayi malamarmu, ta ce babu laifi.)

Akwai maƙwabciyarmu a hawa na huɗu, Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, mai safarar abaya da turare. Ni Bakanuwa, ita Badamagariya, kun san ba a zama lafiya. Tun ranar da ta gane ba na kiran sunan ta rantse sai ta ji shi a bakina kafin in bar ƙasar. Na ce mata a hankali, sai dai in a lahira.

Da tafiyata ta matso, yaron nan ya ce ba zan koma gida ban ga komai ba sai baho da tsumman jarirai. Ya kama mana wuri a wata ƙaramar bas ta yawon kwana ɗaya, ni da shi da Hajiya, Rukayya ta zauna gida da jaririya. Mai yi mana jagora wani dattijo ne, Ammu Sabri, mai tumbi da jar lema, kalma biyu in ya yi ta ukun "yalla" ce, wato "mu je". Baƙi sun yi ƙaranci a shekarun nan, don haka duk wanda ya samu ya zuba a motar: mu, da ɗalibai 'yan gida da matansu, da wasu tsofaffin Turawa mata biyu daga ƙasar Ailan. Ɗayarsu kai fari fat, ga gajeren wando, ƙwauri a waje. Na kalle ta na ce a raina, Allah sarki, wannan ba ta da mai faɗa mata.

Ba mu bar unguwa ba Hajiya ta ɗana tarkonta. Ta karɓi takardar sunaye daga hannun Ammu Sabri, ta ce Inna ta iya boko, a ba ta ta kira mana a ga wanda bai zo ba. Ta san raunina. In aka ce in yi karatu a gaban mutane, kaina har wani girma yake yi. Na gyara tabarau, na kira na ɗaya, na biyu, na uku, kowa yana amsawa. Da na zo na huɗu na ga abin da ke wurin. Na ɗago ido na ce, "Na huɗu ya zo, na gan shi." Na wuce na biyar. Motar ta ɗauki dariya, Hajiya ta buga cinya ta ce Kanawa dai ba a cin su da sauƙi. Ni kuwa na naɗe takardar kamar wadda ta ci gasa.

Da tsohon gari muka fara, ta wajen Darrasa. Muka ga ganuwa da ƙofofin dutse, aka kai mu wani masallaci mai faɗin fili da hasumiyar da matakalarta ta naɗe ta ta waje. Ammu Sabri yana bayani da Larabci da Turanci, yaron nan yana juya mana da Hausa, yana kallon Hajiya amma ni yake nufi. Na taɓa bango, na yi nafila, na sha ruwan rake kofi biyu. Har hasumiyar na hau, ina haki ina dariya, na leƙa garin na ce wa Hajiya ga Kano can in ta lura. A taƙaice na ji kaina yarinya.

Bayan azahar muka fita bayan gari, wajen wata dala ja wadda ba ita ake sawa a kalanda ba. Babu kowa sai mu da masu gadi da rana. Hajiya ta ce in duba da kyau, wannan da dutse aka yi ta, ba da buhun gyaɗa irin tamu ba. Ammu Sabri ya ce mai so zai iya shiga ciki har ɗakin da aka ajiye sarki, amma hanyar matsattsiya ce, gangare ce mai nisa, a sunkuye ake binta. Sai yaron nan ya ce wa Hajiya, ko Inna za ta jira a mota, akwai sanyi. Ni kuma na ce wa Hajiya ta faɗa wa mai maganar cewa tun ina 'yar shekara tara ni ake zurawa cikin rumbu in miƙo dawa. (Abin da ban faɗa ba, rumbun gidanmu in na miƙe tsaye kaina a waje yake.) Da na ga Baturiyar nan mai farin kai ta ɗaure igiyar takalminta ta yi gaba, magana ta ƙare.

Sai ka hau matakala har tsakiyar dalar kafin ka samu ƙofar, wani ɗan rami kamar bakin tanda. Da baya-da-baya ake sauka, a duƙe, a kan katako mai guntayen ƙarfe, ana riƙe da sanda hagu da dama. Ɗalibai suka fara shiga, yaron nan ya bi su don ya tare ni in na zame, sai ni, sai Baturiyar a samana, Hajiya a bayanta. Fitilu ne jere a gefe, masu rauni. Muna sauka iska tana ƙarewa, wani wari mai hawa ka yana tasowa, zanina yana harɗe mini ƙafa. Na fara tuna cewa wannan fa kabari ne, kuma na kafiran farko, kuma da ƙafata na kawo kaina. Na kama ayatul kursiyyu, na kai rabi na manta, na sake daga farko.

Muna tsakiyar hanya aka ɗauke wuta.

Ni da na yi wata biyu ina yi wa Misrawa dariyar ɗauke wuta. Amma wannan duhun ba irin na gida ba ne. Na gida akwai taurari, akwai kukan akuya. Wannan kamar an kifa maka tukunya an zauna a kai. Na saki sandar, na rarumi abin da hannuna ya samu na ƙanƙame, sai na ji wata murya, wadda ban taɓa sanin ina da ita ba, ta fito daga cikina:

"Sulaimanu! Sulaimanu ɗana, kana ina? Kada ka bar ni wajen Fir'auna, Sulaimanu!"

Sau uku. Ramin kuma ya karɓa ya yi ta maimaitawa, ya kai shi ƙasa ya dawo da shi sama. Daga baya direbanmu ya ce har a bakin ƙofa mai gadi ya ji.

Duhun nan ko tsawon karanta fatiha bai yi ba. Kowa da waya a aljihu, sai fitilu suka haska tar, kuma duk ni suke haskawa. Ga ni a durƙushe, ɗankwali ya karkace, tabarau a kan hanci, na rungume ƙwaurin Baturiyar nan da hannu biyu, kumatuna manne da gwiwarta. Ƙwaurin da na raina da safe. Sai wata murya a hankali, daf da ƙafata, ko kamu ɗaya babu tsakaninmu:

"Na'am, Inna. Ga ni nan."

Sai daga sama na ji Hajiya Mariyama, ko dariya ba ta fara ba tukuna, ta ce da murya irin ta mai ta'aziyya, "Allah sarki Bakanuwa. Ashe mun iso lahirar." Daga nan ramin ya cika da dariya, har ɗaliban da suka so su danne don girmana suka kasa. Ammu Sabri daga ƙasa yana ta ba ni haƙuri da Larabci, "ma'alish ya Hagga, ma'alish", bai ma san abin da ya faru ba. Da dalar za ta rufta a lokacin, da na gode mata.

Baturiyar ba ta ƙwace ƙafarta ba. Ta shafa kaina kamar jikarta tana wata magana mai daɗi. Yaron nan ya fassara cewa a ƙasarsu ma akwai wani tsohon kabari a cikin tudu, mai shiga a matse irin wannan, kuma a can mai jagora da gangan yake kashe fitila don baƙi su ga yadda rana take leƙowa ciki. Ta ɗauka abin da za a yi mana ke nan, har ta gyara tsayuwa tana jira. Da Hajiya ta sa aka ba ta labarin sunan, sai ta buɗe ido ta tambaya, to me ya sa na bari aka sa masa suna mai daɗi haka in ba zan kira ba. Na ce a gaya mata al'ada ce. Ta ce ita da nata ɗan yana kusa, da ta kira shi har sai ya gaji. Na hau gyaran ɗankwali.

Ɗakin sarkin ban gan shi ba. Na ce a fitar da ni. Hawan ya fi saukar wuya, kuma yaron nan ne ya wuce gabana ya riƙe hannuna yana ja, hannun da rabona da riƙe shi tun yana tatata. Da muka kusa fita, hasken rana ya fara shigowa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe haka kike faɗinsa. Da jan ƙarshe." Na ce masa ya duba gabansa kada ya buge kai. Da muka fito na ga yana goge ido, ya ce warin ciki ne. Na yarda, don ni ma warin ya shige mini.

A mota Hajiya ta kira Rukayya a waya tun kafin direba ya tada inji. Duk wanda ya yi tari sai ta ce, "Wa ya kira Sulaimanu?" Turawan biyu kuma suka koyi sunan da jan ƙarshen, har muka sauke su a unguwar Dokki suna ɗaga hannu suna rera shi. Ni na rufe fuska da mayafi, amma kafaɗata tana girgiza, don abin ya fara ba ni dariya ni ma. Da muka isa gida Rukayya, yarinya mai ladabi, ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, ta kai "ya hanya" sai ta tashi da gudu ta shige kicin.

Abin da na koya, kunyar nan da na yi shekara talatin da ɗaya ina taƙama da ita, ashe da lantarki take aiki, ana ɗaukewa ta tafi. Tun daga ranar in mata suna yabon kunyar wata, sai in ce a raina a bari a sa ta a rami tukuna. Kuma in aka ce mini in jira a mota, jira nake yi.

Washegari na tashi cinyoyina kamar an daka su a turmi. A zaune na yi sallar asuba, a zaune na sha koko. Can na ji yaron nan a bakin ƙofa yana sa takalmi zai tafi makaranta. Na saurara, Rukayya tana banɗaki da Ummi, famfo yana zuba. Wuta tana nan, fanka tana juyawa, rana ta cika falon. Na kalli bango kamar kullum, sannan na juyo na kalle shi, na faɗi sunan sau ɗaya, a hankali.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Na'am, Inna."

Na ce, "Ba komai. In za ka dawo ka sayo mini man zafi. Kuma kada Hajiya ta ji."