Ranar Da Soɓona Ya Yi Wa Baƙin Maradun Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta ma mutanen gidan mijina ba za su bar ni ba. Ina amarya lokacin, an kawo ni Talata Mafara daga Bakura, gidan fataken shanu masu alfaharin cewa tun zamanin jihadi baƙo bai taɓa fita zaurensu da ƙorafi ba. (Ku riƙe wannan, don ni ce na kusa karya tarihin.)

Dattawa ne za su zo daga Maradun neman auren Hadiza, ƙanwar maigidana. Yarinyar tana son yaron kamar ranta, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Inna, uwar mijina, ta raba aiki, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, soɓo naki na. Ki yi muna wanda za a tahi da labarinai Maradun."

Wallahi an tafi da labarinsa.

Na dafa soɓo, na sa citta da kanumfari, sai neman suna ya sa na matse lemun tsami kamar ba gobe. Na juye a jarka, na ɗanɗana, sai da idona ɗaya ya rufe da kansa. Na zuba sukari har ya ƙare, tsami yana nan daram. Ga sallamar baƙi ina ji a ƙofar gida.

A nan ne karatun sakandare ya taso mini. Ai an koya mana a ajin kemistiri cewa duk abu mai tsami asid ne, kanwa da toka kuwa bes ne, idan suka haɗu ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya. Na san mata kan jefa ɗan mitsitsin kanwa a miyar sure don rage tsami, amma ni mai ilimi sai na yi hisabi: tsami mai yawa, kanwa mai yawa. Na daka cikin tafin hannu guda, na yi bisimilla (Allah Ya yafe mini, har da bisimilla), na antaya a jarkar. Na ji ta fara wani shuuu, amma maigida yana ta kira daga waje, sai na murɗe murfin tamau na miƙa masa. Jarkar ruwan ɗorawa ce, ba a ganin ciki. Shi kuma bawan Allah, don ya taimake ni, yana tafiya yana girgiza ta wai kada sukari ya kwanta.

Muka laɓe bayan zaure ni da Hadiza. Aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi shanu, an tambayi damina. Sai na ji maigida cikin taƙama yana cewa, "Bisimilla Alhaji, wanga na hannun amarya ne."

Fuuush!

Sai wani ya ce, "Innalillahi!" Wani ya ce, "Subhanallahi, mi an nan?"

Na leƙa ta kafar ƙyaure. Jama'a, babban baƙon, baffan yaron, mai farar babbar riga da ta sha guga, ya koma kamar an tsamo shi daga marina. Kumfa na bin gemunsa, kuma abin ba ja ba ne, wani baƙi-baƙi ne mai ratsin kore. Wani tsoho a gefensa ya ja da baya yana tofa addu'a, yana cewa, "Alhaji tashi mu tahi, wanga ba abin sha ba ne, an yi muna wani abu!"

Hadiza ta damƙe hannuna tana kuka: "Anti, kin kashe ni." Aure zai watse, a ce gidan nan sun yi wa baƙi asiri, kuma duk a kan tafin kanwa ɗaya.

Sai baffan ya lakaci kumfar ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya fashe da dariya. Na kasa kunne ga dariyar nan. Na san ta. Malaminmu ne na kemistiri, furfura da gemu ne suka ɓatar mini da shi.

"Ku zamna, ba asiri ba ne," in ji shi. "Kanwa ce ta gamu da tsami, sunka haifi iska, an kuma toshe mata hanya. Launin ma shaida ne: soɓo ja yake cikin asid, in bes ya rinjaya sai ya yi duhu. Wadda ta yi wanga ta shiga aji. Wace ce?"

Maigida (ban yafe masa wannan da wuri ba) ya faɗi sunana har da na mahaifina.

"Saratu ta Bakura? Mai zama kusa da taga?" Ya ɗaga murya don ya san ina jin sa. "Saratu, rabin darasin kin ci. Sauran rabin ga shi a rigata!"

Zaure ya kece da dariya, har tsohon mai addu'a. Aka ara wa Malam rigar maigida, wadda ta tsaya masa a gwiwa, a cikinta ya nemi auren, a cikinta aka ba su. Ruwan randa suka sha.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Ɗiyata, ranar biki ke za ki riƙa yi wa baƙi sannu da zuwa." Na gane. Hadiza yanzu 'ya'yanta sun girma, amma ko yau na je Maradun na taɓa jarka, sai yara su watse suna dariya.

Abin da na koya shi ne, idan ilimi ya faɗo maka a ka ana tsakiyar sallamar baƙi, ka fara gwada shi a ɗan kofi, a bayan ɗaki, kuma don Allah kada ka rufe murfin.