Farin Bangon Malam Jalilu

Allah ya yi wa unguwarmu ta Nima baiwa iri-iri, amma babu wadda ta kai Malam Jalilu, mai zanen da saboda tsabar gwaninta ba a taɓa kama shi yana zane ba. A da, kafin girma ya zo, shi ke zana wa masu aski kawuna a allo. Sai wata rana ya halarci wani taron masu fasaha a unguwar Kokomlemle, ya dawo da hula mai kwanciya gefe guda, da buhun littattafan yara, da sabon sunan da ya raɗa wa kansa, wai Kogin Basira. Mu dai a unguwa Malam Ilhama muke ce masa, don duk aikin da aka kai masa, ilhama yake jira.

Littattafan kuwa ya karrama su yadda ya kamata. Ya jera su a kabad mai gilashi kamar kwanukan amarya, kowanne cikin ledarsa, ya danna kwaɗo. Yaran gidan sukan manna hanci a gilashin suna kallon zomo da jirgin ruwa, sai ya kore su, wai hannunsu duk man ƙosai ne. Shi ma bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Hoton waje ya ishi mai zurfin tunani.

Da safe, wurin kokon Hajiya Nafi, yakan raba hikima kyauta ga mutanen da ba su nema ba.

"Duk darasin rayuwa yana cikin littafin yara," in ji shi. "Ku dubi zomo. Zomo yana gudu. To, ɗan Adam ma haka."

Da wani ya tambaya ina zomon ya dosa, sai ya ce fasaha ba a yi mata tambaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, rawani. Sarkin unguwa zai naɗa Sarkin Masu Zane, kuma Malam Ilhama har ya ɗinka babbar riga. Dattawa suka ce sai sun ga aiki da idonsu, ranar Juma'a bayan an sauko. Nan take ya shafe bangon gidansa na bakin titi da farar ƙasa, ya shelanta cewa a nan za a haifi zanen da birninmu na Ankara bai taɓa gani ba. Kullum yana zaune gaban bangon, ya yi tagumi. Ilhama shiru, wataƙila cunkoson titin Nima ya riƙe ta.

Ana cikin haka ya gayyaci kansa makarantar Malama Zenabu don ya haskaka zukatan yara. Ya gyara hula, ya ɗaga yatsa.

"Kowannenku mai zane ne. Yaro ba ya kuskure. Duk inda kuka ga fari, ku yake kira. Kada ku nemi izinin kowa, ku zana gaskiyar da idonku ya gani."

Yaran Nima kuwa akwai biyayya.

Ran Juma'a ya dawo daga masallaci tare da dattawa, ya shirya dogon bayani kan ma'anar farin da ba a taɓa ba. Sai ga bango ya cika da gawayi tun daga ƙasa har iya tsawon hannun yaro a kan benci. Zanen wani ƙaton mutum ne da karkatacciyar hula, yana zaune a kan kabad ɗin littattafai, makulli rataye a wuya. Bakinsa a buɗe, ya cinye rabin bangon.

Alhaji Gafaru, jagoran dattawan, ya daɗe yana kallo, ya dubi bango, ya dubi mai bango.

"Malam, wannan aiki, naka ne?"

Kogin Basira ya shiga lissafi. In ya ce a'a, za a tambayi nasa, ga shi ko farin bangon ma ya tafi. In ya ce e, bakin nan ya zama nasa. Gaskiya a lokacin na tausaya masa. Amma rigar an riga an ɗinka.

"Nawa ne," ya ce. "Na mai da kaina yaro, na zana da zuciyar yaro. Nan fasaha ta ƙure."

Alhaji Gafaru ya jinjina kai, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutumin da ya san kansa haka ba. Aka naɗa rawani, da sharaɗin kada a goge wannan abin tarihi. Aka ma yi masa rumfar kwano don kada ruwan sama ya taɓa shi.

Yanzu wurin ya zama tasha. Duk trotro, wato motar haya, da ya taso daga unguwar Tudu, in ya kusa, yaron mota zai leƙo ya ce, "Babban Baki, akwai mai sauka?"

Sarkin Masu Zane, da rawaninsa, daga kujerar baya yake amsawa a hankali: "Akwai."