Ruwan Ƙanƙara a Gidan Shugaba

"Lale da uwargida. Yau an tuna da miji ke nan?" in ji Malam Jibrin, yana gyara zama a zaurensa da ke Ƙauran Namoda.

Firdausi jikarsa ce, ma'aikaciyar kamfanin wuta. Taransfomar unguwar tana ba da wutar da ta fi abin da mitocin gidaje ke nunawa, an kuma ce in ba a gano ɓarawon ba kafin Alhamis, za a yanke layin gaba ɗaya. Kakan nata kuwa shi ne shugaban kwamitin tsaron taransfomar, kullum bakinsa na kan ɓarayi.

"Wane miji, mai haƙori huɗu? Ɓarawon wuta nika nema."

"Biyar ne, kin mance na Makka. Tahi gidan Ɗanasabe mai walda, tun yana yaro idonai bai yi min ba."

"Daga can nike. Mitatai gudu takai kamar ta ga kura."

Ya sa aka kawo mata ruwa, ƙanƙara na yawo a kofin. Da ya yi shiru da ya tsira, amma ina.

"Sha, ki san gidan wadata kinka zo. Firizata ba ta barci."

Ta shanye tas, har da tauna ƙanƙarar.

"Ikon Allah. Taka mitar kuwa tun babbar Sallah ba ta motsa ba."

"Tsohuwa ce, azumi takai."

"Ita ka azumi, firiza na buɗa-baki?"

"Albarkar tsuhwa ce, yarinya."

"Albarkar da ta biyo ta ƙarƙashin danga ta ɓullo bayan rumbu? Na ga wutsiyatta. Rana dubu ta ɓarawo..."

"Ba a ƙarasa ma miji karin magana."

"To ka ciro ta yau, ko Alhamis Ɗanasabe ya ji sunan wanda ya jefa unguwa duhu."

Nan dariya ta ɗauke masa, don duhu bai ba shi tsoro kamar bakin Ɗanasabe ba. Ita ta kashe layin, shi ya tono wayar satar wutar da fartanya yana ƙunƙuni. Ya naɗe ta tsaf, ya miƙa mata da hannu biyu yana murmushi.

"Ungo sadakinki, tagulla ce zalla. Amma gobe in kin zo, ruwan randa za ki sha."